Jeren hotunan abinci a bangon falo: ta ina zan fara?

"Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Tudun Wada, Zariya, kuma Allah ya ɗora mini son girki. Duk abin da na dafa sai na ɗauke shi a waya, har hotunan sun haura ɗari biyu. Akwai wani bango a falonmu, daidai inda muke zama cin abinci, yana nan fayau babu komai a jikinsa, shi ne nake tunanin in wanko hotunan in jera su a wurin. Maigidana ya ce ba ya so a ɓata fenti domin gidan haya ne, ƙanwata kuma ta ce falon zai koma kamar shagon sayar da abinci. Don Allah yaya zan yi abin ya yi kyau, ya kuma daɗe?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Idan na fahimce ki, damuwa uku ce a dunƙule cikin tambayarki: yadda za a zaɓi hotunan a tsara su har su dace da falon gida, yadda za a ɗora su ba tare da an taɓa lafiyar bangon mai gida ba, da yadda za su jure wa yanayin garin nan. Na daɗe ina sana'ar hoto da haɗa firam, kuma a cikin ukun nan maganar ƙanwarki ce ta fi nauyi, domin matsalar fenti allo guda ke magance ta, amma zaɓen hoto shi ne wurin da aiki ke gyaruwa ko ya ɓaci.

Kafin mu shiga bayani, ki kwantar da hankalinki, abin da kike son yi ba baƙo ba ne a wurinmu. Zariya gari ne da ya san darajar bango. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na cikin birni a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wato tsakanin 1834 da 1846, da laka ya fitar da zanen da masana gini suka daɗe suna zuwa kallo, kuma duk wanda ya tsaya a ƙofar fada ya ga yadda launi da zane ke zama a fuskar gini. A cikin gida kuwa mata ne gwanaye. Jeren da iyayenmu ke yi wa amarya, inda ake jera tasoshi da kwalla da farantai babba na bin babba, ƙarami na bin ƙarami, ado ne da kayan abinci, kuma ba mu taɓa jin an ce ɗakin amarya ya yi kama da shago ba. Dalili shi ne 'yan jere ba sa tula duk abin da aka kawo. Suna zaɓe, suna ware launi, suna ja da baya su duba, su sauke wani su mayar da wani. Wannan idon ne nake so ki aro.

Abin da ke raba falo da shago

Mai shagon abinci yana buga hotuna ne domin mai wucewa ya ji yunwa ya shigo. Shi ya sa hotunansa duk iri ɗaya ne: faranti cike maƙil, an matso da shi kusa, mai yana ƙyalli, launi ya yi kau, kuma galibi daga intanet aka kwaso su. Idan kika jera faranti talatin cike da shinkafa da kaza, babu shakka maganar ƙanwarki za ta tabbata. Abin da ya dace da gida shi ne hotunan su nuna yadda abincin ya zo, tun daga kasuwa har zuwa tabarma. A sami tarin tattasai da attarugu a faifai, a sami daddawa da citta da kanumfari da masoro a ƙananan kwanuka, a sami tanda a kan wuta waina ta fara tashi, a sami hannu riƙe da muciya, a sami ƙwarya da ludayi da fura ba a kai ga damawa ba. Dafaffen abinci da aka zuba a faranti kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na jeren.

Akwai kuma dalilin launi. Yawancin abincinmu na asali ba mai ɗaukar ido ba ne a hoto, ko da ya fi kowane daɗi a baki. Tuwo fari ne ko ruwan ƙasa, miyar kuka kore ce mai duhu, ɗanwake toka-toka, dambu da fate kuma sai a hankali. Idan irin waɗannan suka haɗu a gefe guda, daga nesa bangon zai zama kamar an watsa masa ruwan laka. Sai an raba su da masu haske: jan zoɓo a kofin gilashi, ruwan ɗorawar miyar taushe, koren zogale, jan tumatirin fadamar Galma, farin nono. Ba ina nufin ki ɓoye fate ba. Mu Zazzagawa, tunda Kanawa sun riga sun laƙaba mana shi, gara ma a ba shi wuri mai kyau a tsakiya, a yanka masa albasa da ɗan ja a kai, duk baƙon da ya zo daga Kano ya sami abin tsokana.

Daga cikin ɗari biyun nan, shawarata ki fitar da ashirin zuwa talatin, kuma na san zai yi miki wuya. Ga yadda nake sa masu kawo mini aiki su yi: a fara zubar da duk wanda ya yi dishi-dishi, da wanda aka ɗauka da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki, da wanda aka haska masa fitilar waya. Daga nan a duba maimaici, idan waina ta fito sau tara a ɗauki ɗaya. Abin da ya rage sai a tambayi kai, wanne ne ke da labari? Kunun da aka dama ranar suna, ko alkaki da dubulan ɗin bikin ƙanwa, ko buɗa-bakin farko a sabon gida, sun fi hoton da ya fi su kyau amma ba ya tuna miki komai. Kada ki cike gurbi da hotunan intanet; masu su ne ke da haƙƙinsu, kuma ana ganinsu ake gane ba daga tukunyar gidan suka fito ba.

Idan za ki ƙara ɗaukar wasu

Kusan tabbas bayan tankaɗe da rairaya za ki ga akwai giɓi, musamman ɓangaren kayan miya da kayan aiki. Wayarki ta isa, haske kawai za ki kula da shi. Ki kashe ƙwan ɗaki, ki kai abincin bakin taga ko inuwar baranda da hantsi, hasken ya zo daga gefe. Rana tsaka tana ƙona farin tuwo ya fito babu siffa, fitilar waya kuma tana sa manja da man gyaɗa su yi walƙiya kamar an zuba ruwa. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne lokacin hunturu, sa'ad da hazo ya rufe rana, shi ne lokacin da hoton abinci ya fi kyau a tsakar gida, domin hazon yana tace hasken ya sauko a tausashe, babu inuwa mai kaifi. Sai dai a hanzarta kafin ƙura ta sauka a kan miya.

Abin da ke shimfiɗe, kamar tiren kayan ƙamshi ko kilishi, daga sama ake ɗaukarsa. Abin da ke da tudu, kamar malmalar tuwo ko tulin ƙosai, a ɗan karkace, kamar yadda mai zaune zai gan shi. Kofin zoɓo ko kunun aya kuwa a sauko da waya daidai tsayinsa. Ki riƙa goge idon kyamarar da gefen mayafi kafin ki ɗauka, domin wayar da ke shiga kicin ba ta rabuwa da maiƙo, kuma shi ne ke sa hoto ya yi hazo-hazo. Ki zaɓi shimfiɗa biyu ko uku kawai ki riƙa maimaita su, misali tabarmar kaba, da faifai, da akushi. Wannan maimaicin ne zai sa hotunan da aka ɗauka a watanni dabam-dabam su zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. Idan kuma a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada za ki ɗauki kayan wani, ki nemi izini tukuna, ki kuma yi ɗan ciniki.

Wurin wanke hoto

A nan ne aikin mutane da yawa ke lalacewa ba su sani ba. Hoto a waya ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel, kuma domin ya fito tas a takarda ana so kowane inci ya sami ɗigo wajen 300. Ke nan hoto mai inci 4 da 6 yana bukatar 1200 da 1800, mai inci 8 da 10 kuma 2400 da 3000. Wayar da ke da megafiksel 12, wato ɗigo miliyan 12, tana ba da kimanin 4000 da 3000, wanda ya isa har da ragi. Amma da zarar kin tura hoton ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi ya ragu ƙwarai, sai a wanko babba ya fito a farfashe. Ki tura shi a matsayin fayil, ta wurin da ake tura takardu, ko ki je da wayar a kwafa kai tsaye ta igiyar da ke haɗa waya da kwamfuta. Haka nan hoton da kika sauko da shi daga shafinki na Facebook ba shi ne na asali ba, ki nemo wanda ke cikin ma'ajiyar wayar.

Abu na biyu, siffar hoton waya da ta takarda ba ɗaya ba ce. Waya galibi tana ɗauka a ma'aunin 4 da 3, takardar 4 da 6 kuwa 3 da 2 ce, ta 8 da 10 kuma 5 da 4. Dole a yanke wani gefe, kuma idan kika bar wa yaron shago zai iya yanke miki bakin faranti. Ki zauna kusa da kwamfutar a yanke a gabanki. Na uku, fuskar waya tana da haske daga ciki, takarda ba ta da shi, don haka hoto yakan fito da ɗan duhu fiye da yadda kika saba ganinsa. Ki sa a wanko biyu na gwaji, ɗaya mai duhu kamar miyar kuka, ɗaya mai ja kamar zoɓo, ki fita da su waje ki duba kafin ki biya kuɗin sauran.

Ki nemi takarda marar sheƙi. Mai sheƙi ta fi ɗaukar ido a hannu, amma a bango tana mayar da hasken taga da na ƙwai, sai mai kallo ya riƙa karkata kai, kuma tana riƙe shatin yatsa. Ki kuma tambaya ko takardar hoto ce ta gaske. Akwai masu bugawa da ƙaramin injin ofis da tawada mai arha. Irin wannan, ja da ruwan ɗorawa ne ke fara gudu, ki wayi gari zoɓonki ya koma ruwan hoda.

Wane bango, kuma da me za a riƙe

Kin ce bangon yana falo, wannan ya yi, domin kicin ba wurin hoto ba ne: tururi da maiƙo da hayaƙin risho ko gawayi suna dasar da shi cikin ɗan lokaci. Amma ki duba abu uku. Shin rana tana faɗowa a kansa kai tsaye, musamman ta yamma? Idan haka ne sai da labule mai kauri, domin babu abin da ke cinye launin hoto kamar rana. Shin bayan bangon banɗaki ne, ko kuwa bango ne na waje da ruwan sama ke duka? Daminar Zariya daga wajen Mayu take kamawa har Oktoba, kuma a Agusta bangon bulo da yawa suna shan ruwa daga tushe. Gwajin mai sauƙi ne: ki manna farar leda mai faɗin tafin hannu biyu a bangon, ki rufe gefunanta da salatif, ki bar ta kwana biyu. Idan kika ɗaga kika ga raɓa a ciki ko fenti ya yi duhu, bangon yana da danshi. Na uku, idan a falon ake yin salla, kada jeren ya kasance a bangon gabas inda zai ɗauke hankalin mai salla. Game da hukuncin rataye hoto, yawancin masu kawo mini aiki suna guje wa mai fuskar mutum ko dabba, su tsaya a kan abinci da kayan aiki. Fatawa kuwa ta malamai ce, su za ki tuntuɓa idan kina son saka hoton iyali a ciki.

Maigidanki yana da gaskiya. Salatif da gam da manne mai fuska biyu duk suna tashi da fenti, kuma a zafin Maris da Afrilu mannen yana narkewa, hoto ya zame ya bar tabo mai danƙo. Firam ashirin kuma ƙusa ashirin ke nan, a filastar da ƙusar kankare ke fasawa ta ɓalle ɓangare guda. Abin da na fi ba masu gidan haya shawara shi ne allo guda. Filawud yana zuwa ne ƙafa 4 da ƙafa 8; ki sa kafinta ya yanko miki ƙafa 4 da ƙafa 3, ya goge shi, ya kewaye shi da siririn katako, ya shafa masa maganin gara ta baya, a yi masa fenti. Duk jeren a kan allon zai zauna, allon kuma rami biyu kacal yake bukata, waɗanda za a huda da inji a sa roba da noti, ranar tashi a toshe su a shafa fenti. A sanar da mai gida tukuna, kuma kada a huda a saitin makunnin wuta ko soket, sama ko ƙasa, domin nan wayoyin lantarki suka fi bi. A liƙa ƙananan katako huɗu a kusurwoyin baya domin allon ya ɗan tashi daga bango iska ta riƙa wucewa. Launin allon kuwa, fari mai ɗan duhu ko ruwan ƙasa mai haske. Ja ko kore zai yi kishi da abincin.

Zan gaya miki kuskuren da ni kaina na yi a farkon sana'ata. Na haɗa wa wata baiwar Allah jere mai kyau, hotuna masu sheƙi, na danne su da gilashi kai tsaye domin kada ƙura ta shiga. Bayan damina ɗaya ta dawo mini da shi. Danshi ya shiga tsakani, fuskar hotunan ta manne da gilashin, wasu wurare suka yi kamar an ɗiga mai, da na yi ƙoƙarin ɗagawa sai hoton tuwon ya rabu biyu, rabi a takarda rabi a gilashi. Tun daga ranar ba na barin gilashi ya taɓa hoto. Sai na sa kwali mai kauri a kewaye ya raba su. A allo mai girman naki ma ban cika son gilashi ba, saboda nauyi da kuma yara. Gara a lulluɓe kowane hoto da siririyar leda marar sheƙi, irin wadda ake yi wa takardun shaida, sannan a manna shi. Haka za ki iya goge ƙurar hunturu da busasshen tsumma mai laushi ba tare da fargaba ba.

Tsarin jeren

Kada ki manna ko ɗaya sai kin gama shirya duka a ƙasa. Ki kwantar da allon a tsakar ɗaki, ki fara da hoto guda babba, kamar inci 11 da 14, ki ajiye shi kusa da tsakiya amma a ɗan gusa shi gefe. Sai masu 8 da 10 guda uku ko huɗu a warwatse, kada biyu su haɗa kafaɗa, sannan masu 5 da 7 da masu 4 da 6 su cike tsakani. Ki bar tazara iri ɗaya a ko'ina, misali santimita 2. Ki yanki guntun kwali mai wannan faɗin ya zama ma'auninki. Hotuna na iya bambanta girma yadda suka ga dama, muddin tazarar ɗaya ce kuma gefen waje ya miƙe, ido zai karɓe shi a matsayin abu guda. Wasu suna son a ɗora hoto a kan hoto a karkace, kuma yana kyau a ɗakin 'yan mata, amma a falon da baƙi ke shiga na fi son a miƙe.

Idan kin gama, ki hau kujera ki ɗauki allon a waya, ki duba hoton a ƙarami. A nan za ki ga abin da ido bai gani ba: ja ya taru a kusurwa ɗaya, ko ƙasa ta yi duhu sama ta yi fayau. Ki gyara, ki bar shi ya kwana, ki sake dubawa da safe, ki kuma kira ƙanwar taki ta zo ta yi nata sharhin tun ba a manna ba. Sannan ki yi wa kowane hoto alama da fensir a kusurwa, ki ɗaga ɗaya bayan ɗaya kina mannawa. Gam mai ruwa-ruwa yana sa takarda ta kumbura, don haka ki shafa kaɗan, ki bi da tsumma daga tsakiya zuwa gefe. Ki bar gurbi biyu ko uku da za a riƙe da ƙananan ƙusoshin allo maimakon gam, domin ki riƙa sauya su, na azumi ya zo ya wuce, na babbar salla ya hau.

Wajen ratayewa, a gidajenmu an fi kai abu can sama kusa da silin, har sai mutum ya ɗaga wuya. Ƙa'idar masu baje kolin zane ita ce tsakiyar aikin ta kasance kimanin santimita 145 daga ƙasa, daidai idon mai tsaye. Tunda ku a zaune kuke kallonsa, kuna iya saukar da shi kaɗan, sai dai idan akwai kujera a ƙarƙashi, a bar santimita 20 tsakaninta da allon domin kada kai ya riƙa bugunsa, kuma a yi la'akari da inda hannun ƙaramin yaro ke kaiwa.

Ban ga bangon naki da idona ba, saboda haka idan gwajin leda ya nuna danshi, magini ne zai faɗa miki ko daga tushe ne ko daga rufi, kuma kada ki rataye komai sai an gyara. Ki kuma sani cewa duk kulawar da aka yi, hoton da ke fuskantar haske kullum sai ya dusashe wata rana, don haka ki adana na asali a wuri biyu, a kwamfuta ko ƙaramin ma'ajin hotuna da kuma imel ɗinki, yadda duk wanda ya koɗe za a sake wanko shi. Sau biyu a shekara, bayan damina da bayan hunturu, ki sa a sauke allon a share bayansa, domin tsaka da kyankyaso da gizo-gizo suna son wannan ɗan tsakanin da muka bari saboda iska.